Holmes, Poirot, Maigret, Bosch ko Montalbano: da wane mai bincike za ka fara?

Wanda ya karanta labarin binciken kisan kai guda ɗaya ya ji daɗinsa, ba ya tsayawa. Sai ya tafi neman na biyu, a nan ne zai gano cewa wanda ya gama ɗin ɗaya ne cikin talatin, ko cikin saba'in da biyar, kuma ga wasu jerin littattafan a gefe, kowanne da masoyansa masu rantsuwa cewa nasu ne gaba. Aljihu ba zai ɗauke su duka ba, lokaci ma haka. Na zaɓi guda biyar da suka daɗe ana buga su, na ɗora su a kan ma'auni ɗaya.

Abin da na duba

Na farko shi ne wanda aka fi mantawa da shi: mai binciken yana tsufa, ko yana nan yadda yake? Akwai jerin da za ka ɗauki littafi na ashirin ka tarar da gwarzon yadda ka bar shi a na uku, gidansa da abokinsa da halinsa duk suna nan. Irin wannan ta kowace ƙofa ka shiga, ka shiga. Akwai kuma wanda gwarzon zai yi aure ya rabu, a kore shi daga aiki, abokin aikinsa ya mutu, kuma kowane sabon littafi yana ɗauka ka san abin da ya wuce. Wanda ya faɗa irin wannan ta tsakiya, kamar wanda ya tarar da hira ta yi nisa ne, ana dariya bai san dalili ba.

Na biyu kuɗi. Kuɗin littafi ɗaya ba ya nuna komai. Ka ƙirga guda nawa za ka saya idan abin ya kama ka, ka kuma duba ko haƙƙin mallakarsa ya ƙare har ana samunsa kyauta ta halal a intanet. Na uku sauƙin harshe da tsayin littafi. Na huɗu ƙarko, wato idan ka riga ka san wanda ya yi kisan, akwai sauran abin da zai sa ka sake buɗe shi? Na ƙarshe haɗari: littafin da yake tona asirin wani, yawan jini, maganganun batsa, da ra'ayoyin zamanin da marubucin ya rayu.

Sherlock Holmes

Arthur Conan Doyle ya fito da shi a 1887, ya ajiye shi a 1927. A tsakani ya rubuta dogayen labarai 4 da gajeru 56. Abokinsa Dokta Watson ne yake ba da kusan dukkansu, daga gidansu mai lamba 221B a titin Baker, Landan. Haɗuwarsu ta farko ta isa ta nuna maka salon: Holmes ya kalli baƙon likitan sau ɗaya, ya ga fuska ta sha rana, wuyan hannu fari, hannu ɗaya a sanƙare, ya ce masa daga Afganistan ya dawo.

Wajen kuɗi babu mai ja da shi. Doyle ya rasu a 1930, kuma labaran ƙarshe sun fita daga haƙƙin mallaka a Amurka a farkon 2023, don haka duka sittin ɗin ana sauke su kyauta. Gajeren labari ɗaya bai wuce zama guda ba. Turancin na ƙarshen ƙarni na 19 ne, jimloli dogaye da wasu kalmomin da aka daina amfani da su, amma bayan labari biyu ko uku kunne yana sabawa.

Shawarata kada ka fara da na farko, A Study in Scarlet. Rabinsa na biyu yana barin Landan ya tafi Utah, cikin mabiya ɗarikar Mormon, Holmes ya ɓace na babuka da dama, sabon mai karatu ya ɗauka an haɗa masa littafi biyu bisa kuskure. Fara da The Adventures of Sherlock Holmes na 1892, labarai 12. Tsari ba dole ba ne sai a wuri ɗaya: Doyle ya gaji da gwarzonsa ya jefa shi a magangarar ruwan Reichenbach a 1893, ya dawo da shi a 1903, don haka a karanta The Final Problem kafin The Empty House. Marubucin da kansa bai damu da daidaito ba. Raunin harsashin Watson a kafaɗa yake a littafin farko, a na biyu ya koma ƙafa.

Aibinsa biyu. Holmes yakan ɓoye abin da ya gani har sai ƙarshe, don haka ba kasafai za ka riga shi warware ƙullin ba. Sannan akwai allurar hodar ibilis da yake yi wa kansa, da kuma yadda The Sign of Four ya siffanta mutumin tsibiran Andaman, siffa ta raini irin ta zamanin mulkin mallaka.

Hercule Poirot

Idan abin da kake nema kacici-kacici ne da za a ba ka dukkan alamu a tafin hannu kuma ka kasa, to Agatha Christie ce. Poirot tsohon ɗan sandan Beljiyam ne da yaƙin duniya na ɗaya ya koro Ingila, gajere, mai ji da gashin bakinsa da tsafta. Ya fito a The Mysterious Affair at Styles a 1920, ya kai dogayen labarai 33 da gajeru sama da 50. Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani lokacin yaƙin, shi ya sa idan ta ambaci guba ta san ƙwayar da take magana a kai, da awa nawa take ɗauka kafin ta yi aiki.

Turancinta ya fi na kowa sauƙi a cikin biyar ɗin nan, yawancinsa hira ce. Fassararta ta bazu a harsuna da yawa, har da Larabci da Faransanci, kuma yawan bugun da aka yi ya sa na gwanjo ba ya wuya. Na shekarun 1920 sun fita daga haƙƙin mallaka a Amurka. Sauran sai an saya, domin sai a 1976 ta rasu.

Poirot ba ya tsufa yadda za ka lura, don haka a ƙa'ida kana iya shiga ta ko'ina. Amma akwai ramuka guda uku. Dumb Witness na 1937 yana da wurin da Poirot ya jero sunayen masu kisa huɗu daga littattafan baya, a jimla ɗaya ya lalata maka guda huɗu. Cards on the Table na 1936 yana tona yadda Murder on the Orient Express ya ƙare. Curtain kuma shi ne rufe ƙofa: ta rubuta shi lokacin yaƙin duniya na biyu, aka kulle shi a banki fiye da shekara talatin, aka buga a 1975, har jaridar New York Times ta yi wa Poirot ta'aziyya a shafinta na gaba. Wanda ya fara da shi ya ci tuwon ya bar miyar.

Ƙarko shi ne raunin irin wannan labari. Na taɓa sayen The Murder of Roger Ackroyd na gwanjo, ina shafi na talatin da wani abu sai na ga wani mai shi na da ya zagaye wani suna da fensir, ya rubuta a gefe, “wannan ne.” Na rufe littafin na fi mako ban taɓa shi ba. Da na koma na karanta shi don in ga yadda ta yi dabarar, na same shi da wani daɗin na daban, amma ba duka littattafanta ne za su jure haka ba. Five Little Pigs na 1942 yana jurewa, domin mutane biyar ne kowa yake ba da labarin rana ɗaya ta shekara 16 da suka wuce yadda ya tuna ta, kuma abin da kowa ya ɓoye ya fi sunan mai laifin jan hankali. Tun daga ranar da na ga wannan rubutun fensir, kafin in biya kuɗin littafin gwanjo sai na kaɗa shafukansa na duba gefe-gefe, na kuma tabbatar babin ƙarshe yana nan.

Ƙarfin Christie yana tsakanin 1926 da tsakiyar shekarun 1940, ban da The Big Four, wanda gajerun labarai ne aka ɗinke. Na ƙarshe-ƙarshe irin su Elephants Can Remember na 1972 hira ce mai maimaita kanta.

Kwamishina Maigret

A nan zuciyata take, gara in faɗa tun yanzu. Georges Simenon, ɗan Beljiyam mai rubutu da Faransanci, ya buga dogayen labaran Maigret 75 da gajeru 28 daga 1931 zuwa 1972. Ofishin Maigret yana lamba 36, Quai des Orfèvres, hedikwatar 'yan sandan bincike ta Faris a wancan zamanin. Babban mutum ne mai nauyin jiki, lofe a baki, da ƙyar yake magana. Idan aka tambaye shi me yake tunani, yakan nuna shi ba ya tunanin komai.

Yadda yake aiki daban ne. Ba ya bin tokar sigari ko jadawalin jirgin ƙasa. Zai je unguwar da aka yi kisan ya zauna, ya saurari mai gadin bene, ya hau ɗakin mamacin ya tsaya a tagarsa yana kallon abin da mamacin yake kallo kowace safiya. Sau da yawa tun tsakiyar littafi ka gane wanda ya yi, abin da ya rage shi ne me ya kai mutum mai ladabi, da bai taɓa ɗaga murya ba, ga ɗaukar wuƙa. Daga nan sai titsiye a ofis har asuba, a aiko da abinci daga gidan abincin da ke kusa, wanda ake zargi da mai tambayarsa su ci tare. Saboda haka ne ya fi sauran ƙarko: sanin mai laifin bai rage komai ba.

Littattafan gajeru ne, galibi ba su kai shafi 200 ba, dare biyu ka gama. Simenon da gangan yake amfani da kalmomin yau da kullum, don haka mai matsakaicin Faransanci zai iya karanta asalin. Ga mai Turanci, kamfanin Penguin ya sake fassara duka 75 ɗin daga 2013 zuwa 2020. Tsofaffin fassarori suna yawo, wasu littattafan ma da suna biyu ko uku, sai ka sayi abu ɗaya sau biyu ba ka sani ba. Ka riƙa duba sunan asali na Faransanci a shafin ciki. Babu na kyauta, Simenon ya rasu a 1989, kuma gajartar tasu tana nufin za ka riƙa komawa saye da sauri. Idan ka nace sai ka haɗa duka, shi ne mafi tsada a nan.

Amma ba dole ka haɗa ba. Shekarun Maigret suna gaba suna baya, a wani littafin ya yi ritaya, a na bayansa yana ofis. Matarsa da mataimakansa Lucas da Janvier suna nan yadda suke. The Yellow Dog na 1931, a garin masunta na Concarneau, ko Maigret Sets a Trap na 1955, duk ƙofa ce mai kyau. Na farko, Pietr the Latvian, salonsa bai zauna ba tukuna, kuma yana ɗauke da siffanta Yahudawa irin ta ƙyamar zamanin. Jini kaɗan ne. Giya kuwa tana ko'ina, da wuya a yi babi ba a shiga mashaya ba. Mai son gudu da harbi zai yi hamma.

Harry Bosch

Michael Connelly ɗan jarida ne mai bin labaran laifuka a jaridar Los Angeles Times kafin ya fito da The Black Echo a 1992, kuma ana gani a rubutun. A nan za ka ga yadda ake haɗa fayil ɗin kisa, yadda ake neman izinin bincike daga alƙali, abin da likitan gawa yake faɗa, da yadda manyan ofis suke danne bincike idan ya doshi nasu. Bosch an haife shi a 1950, ya yi yaƙin Biyetnam cikin masu shiga ramukan ƙarƙashin ƙasa, an kashe mahaifiyarsa yana yaro. Aƙidarsa ita ce kowace gawa tana da daraja ɗaya, ta attajiri da ta wadda aka tsinta a bola.

Shi yana tsufa shekara da shekara tare da mai karatu. Ya bar aiki a City of Bones na 2002, ya yi bincike da kansa, ya koma a The Closers na 2005 sashen tsofaffin kisan da aka kasa warwarewa, yanzu ya haura saba'in yana aiki da wata matashiyar jami'a, Renée Ballard. Wannan ne daɗinsa, shi ne kuma nauyinsa. Dole ka bi a jere, littattafai sama da 20, kowanne wajen shafi 400, kuma jerin bai rufe ba. Connelly yana kuma haɗa gwarazansa: lauya Mickey Haller ɗan uban Bosch ne, sannan The Narrows na 2004 yana tona ƙarshen The Poet na 1996, littafin da Bosch ba ya ma ciki.

Turancin na zamani ne, kai tsaye, sai dai cike yake da taƙaitattun sunayen ofisoshi da zaurancen 'yan sandan Amurka. Tsofaffin suna samuwa da araha a gwanjo, sababbin suna da tsada. Wajen jini da gawa da ashar da fyaɗe shi ya fi kowa a nan, ba littafin da za a bari a hannun yaro ba ne. Ƙarko matsakaici: na farko-farko irin su The Last Coyote na 1995, inda ya buɗe fayil ɗin mahaifiyarsa, suna jure maimaici, wasu na baya kuwa karatu ɗaya ya ishe su.

Sufeto Montalbano

Andrea Camilleri yana dab da shekara 70 ya fara shi da The Shape of Water a 1994, ya kai dogayen labarai 28. Na ƙarshe, Riccardino, ya rubuta shi tun da wuri ya damƙa wa mawallafinsa, aka buga a 2020 bayan rasuwarsa a 2019. Garin Vigàta ƙirƙira ce, a tsibirin Sisili na Italiya. Shi kaɗai ne a cikin biyar ɗin zai sa ka dariya da ƙarfi, musamman Catarella mai ɗaukar waya a ofis, wanda bai taɓa faɗin sunan mai kira daidai ba. Asalin cakuɗen Italiyanci ne da harshen Sisili, don haka komai ya rataya a kan mai fassara. Stephen Sartarelli ya yi ta Turanci, da bayanai a bayan littafi kan siyasa da karin magana. Montalbano yana tsufa a hankali yana mita a kai, gara a bi goman farko a jere. Daga tsakiya salon yana maimaita kansa, ga ashar, ga matan da suke faɗa masa a kusan kowane littafi.

| | Yawa | Bin jere | Kuɗi | Harshe | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Holmes | dogaye 4, gajeru 56 | ba dole ba | kyauta | tsohon Turanci | sosai | rainin zamanin mallaka |
| Poirot | dogaye 33, gajeru 50 da ɗoriya | a kiyaye uku | araha | mafi sauƙi | ya danganta | tona asirin juna |
| Maigret | dogaye 75, gajeru 28 | ba dole ba | tsada idan za a haɗa | mai sauƙi | mafi ƙarko | tafiyar hawainiya, giya |
| Bosch | sama da 20, ana ci gaba | dole | matsakaici | na zamani, da zaurance | matsakaici | jini da ashar |
| Montalbano | dogaye 28 | an fi so | matsakaici | ya dogara da fassara | na farko-farko | maimaici, batsa |

Wa ya dace da wa

Idan ba ka son kashe ko kwabo kafin ka san ko irin wannan karatu zai karɓe ka, sauke The Adventures of Sherlock Holmes a wayarka yau. Haka ma mai lokaci guntu-guntu, wanda minti arba'in yake samu kafin barci.

Mai son wasa ƙwaƙwalwa, ko mai son ƙarfafa Turancinsa ba tare da ƙamus a cinya ba, ya ɗauki Poirot. Ya fara da Murder on the Orient Express ko The ABC Murders, ya bi da Roger Ackroyd, ya jinkirta Dumb Witness da Cards on the Table, ya bar Curtain can ƙarshe. Shi ne kuma na fi natsuwa in miƙa wa matashi.

Wanda ya fi damuwa da halin mutane a kan dabara, ko mai Faransanci, ko wanda ya san kansa ba ya gama dogon littafi, Maigret ne nasa. Ya sayi biyu kawai, ɗaya na shekarun 1930, ɗaya na 1950. Idan na biyun bai kama shi ba, na uku ma ba zai kama shi ba, ya tsaya haka.

Mai neman abokin tafiya na shekara biyu ko uku, mai son sanin yadda aikin ɗan sanda yake ta ciki kuma jini ba ya tayar masa da zuciya, ya fara Bosch daga The Black Echo, kada ya tsallake, ya kuma saka The Poet kafin The Narrows. Wanda ya gaji da duhu yana son ya yi dariya a tsakanin gawa da gawa, Montalbano.

Akwai kuma mai son bincike amma ba ya son kisan kwata-kwata. Shi duka biyar ɗin ba nasa ba ne. Ya nemi Mma Ramotswe ta Alexander McCall Smith, wadda ta buɗe ofishinta a Gaborone ta Botswana a littafin 1998, jerin ya haura 20, kuma yawancin ƙorafin da ake kawo mata na mijin da ya ɓace ne, ko ma'aikacin da ake zargi yana taɓa kuɗin maigida.